Ƙungiyar 'yan kwangilar titi: ina ta samo asali, mi take tsinana wa mai gireda ɗaya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan Jega ne, na gaji gireda ɗaya da tifa biyu daga mahaifina Allah ya jiƙan shi, bara na yi rijistar kamfani. To yanzu wasu manyanmu na son kafa ƙungiyar 'yan kwangilar titi da gada ta yankinmu, sun ce kowa ya kawo kuɗin fom da na wata-wata. Ni dai tambayata, ina wagga al'ada ta ƙungiya ta samo asali, kuma mi take tsinana wa ƙaramin ɗan kwangila irina? In na shiga za su samo mini aiki?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa albarka ga abin da ya bar maka. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ce ka haɗa, ta farko tarihi, ta biyu kuma wadda ta fi damunka, wato ko kuɗin da za ka zuba za su dawo maka da wani amfani. Bari in fara da guntuwar amsa don kar in ja maka rai. Ƙungiya ta gaskiya ba ta samo wa kowa aiki, kuma duk wanda ya ce maka ka shigo za a riƙa raba muku kwangila to ka riƙe kuɗinka. Abin da take yi shi ne ta gyara filin da kowa ke neman aikin a cikinshi, a biya ka kan lokaci, a duba maka farashi in kasuwa ta juya, a daina bai wa wanda ko shebur bai da shi aikin gada. Na yi sama da shekara ashirin cikin aikin titi da kwalbati tsakanin Birnin Kebbi, Argungu da Yauri, na kuma taɓa riƙe sakataren wata 'yar ƙungiya irin wadda kuke son kafawa, saboda haka abin da zan gaya maka rabi karatu ne rabi kuma abin da idona ya gani.

Inda abin ya faro

Dauri, zamanin Turawa, babu wani abu wai shi ɗan kwangilar titi a ƙasarmu. Hanya aikin gwamnati ce kai tsaye, ma'aikatar ayyuka ta Turawa da ake kira PWD da kuma sashen ayyuka na En'e su ke yi, da leburori da kwanduna da diga, wani wuri ma da aikin tilas da ake ɗora wa talakawa ta hannun hakimai da dagatai. Ko layin dogon da ya ratsa Gusau ya isa Kaura Namoda a 1929 gwamnati ce ta yi abinta. Kamfanoni masu zaman kansu a Legas suka fara tsiro, irin su Cappa and D'Alberto na 'yan Italiya da aka kafa a 1932, da Costain da ta kafa reshenta na nan a 1948. Da aiki ya yawaita bayan yaƙin duniya na biyu sai waɗannan kamfanoni suka ga kowa na fama da matsala iri ɗaya, ga rigimar albashi da leburori, ga sharuɗɗan kwangila da gwamnati ke rubutawa ita kaɗai, shi ne a 1954 suka haɗu suka kafa tarayyar kamfanonin gini da manyan ayyuka, wadda yau ake kira FOCI. Ita ce uwar ƙungiyoyin wagga sana'a a Najeriya, kuma har yanzu tana nan, manya irin su Julius Berger da suka shigo ƙasar a 1965 don gadar Eko suna cikinta.

Ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba. A Amurka tun 1918 aka kafa babbar ƙungiyar 'yan kwangila ta AGC, bayan gwamnatin shugaba Woodrow Wilson ta ga tana buƙatar baki guda da za ta riƙa magana da shi a harkar gine-gine lokacin yaƙi, kuma ƙarfinta na ga rassan jihohi da yankuna, don a can ne ake yanke kasafin hanyoyi. Ka lura da wannan, gwamnati ita kanta tana son a samu ƙungiya, don ya fi mata sauƙi ta zauna da mutum biyar masu wakiltar ɗari da ta saurari ɗari kowa da kukanshi.

Sannan kar ka haɗa ƙungiyoyin wuri guda, don mutane da yawa nan suke ruɗewa. NSE da aka kafa a 1958 ta injiniyoyi ce a matsayinsu na masu ilimin sana'a. COREN hukuma ce ta gwamnati da dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, ita ke ba injiniya da kamfanin injiniya lasisi. Leburori da direbobin katafila da birkiloli kuma suna da ƙungiyar ƙwadago tasu, NUCECFWW, wadda ke zama da FOCI a teburi guda su tsayar da albashi da alawus. Taku da kuke son kafawa ta masu kamfani ce, masu injina, waɗanda ke ɗaukar bashi su zuba a ƙasa su jira a biya su.

Mu nan arewa maso yamma mun makara, kuma akwai dalili. Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke a shekarun 1970 manyan ayyukanmu baƙi suka yi su, madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta aka gama a 1978, mutanenmu sai dai su kawo yashi da tsakuwa ko su tuƙa mota. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa wasu attajiranmu sun sayi hannun jari, amma sayen hannun jari daban, iya shimfiɗa kwalta daban. 'Yan kwangilar gida sun fara yawa ne sosai bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, da aka buƙaci sakatariya da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa a sababbin hedikwatoci, sai kuma zamanin PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur, da aka yi ta gyaran hanyoyi. Ina kyautata zaton a irin wannan lokacin mahaifinka ya sayi giredar da ke hannunka, don yawancin tsofaffin injinan da ke yawo tsakanin Jega da Birnin Kebbi 'yan wancan zamanin ne. To amma ƙungiyoyin da aka yi ta kafawa a lokacin, gaskiya yawancinsu da gwamnati suke tashi da ita suke faɗuwa, a yi kalanda, a kai ziyarar ban girma, a ɗauki hoto, gwamnati na sauyawa sai ka nemi ƙungiya ka rasa.

Maganar biya, wadda ita ce uwar komai

In ka tambayi ɗan kwangila goma abin da ke hana su barci, tara za su ce maka biya. Ka gama aiki, injiniyan gwamnati ya zo ya auna ya sa hannu, an ba ka satifiket, sai fayil ya shige wani ofis ya kwanta. Kai kuma mai gas na bin ka, mai siminti na bin ka, leburori na ƙofar gidanka tun asuba.

Akwai doka a kan wannan, kuma abin takaici da yawanmu ba su taɓa buɗe ta ba. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan ba da kwangila, ta ce duk kuɗin da suka wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an miƙa takardar neman biya da satifiket, to an yi jinkiri, kuma jinkirin na jawo ƙarin kuɗi gwargwadon abin da aka rubuta cikin yarjejeniyar kwangila. Ita dai dokar ta ba da damar kuɗin kafin alƙalami, wato waɗanda ake ba ka ka fara aiki da su, har kashi 15 cikin ɗari, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Wannan ta tarayya ce, jihohi kowace na da tata, saboda haka aikin farko da zan so ƙungiyarku ta yi shi ne ta nemo kofin ta jiha ta buga ta raba wa kowane mamba, in da hali a fassara muhimman sassan da Hausa.

To ga inda ƙungiya ke shigowa. Kai kaɗai ba za ka iya rubuta wa ofishin da ke riƙe da kuɗinka takarda ka ce sun karya doka ba, don ka san gobe ma wurinsu za ka koma neman aiki, kuma sunanka zai shiga baƙin littafin da ba a rubuce yake ba. Amma takarda mai hatimin ƙungiya ba ta da fuskar mutum ɗaya da za a riƙe a zuci.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Akwai shekarar da na yi wa wata hukuma kwalbati uku a wata hanyar fadama, ba zan kama suna ba, na gama kafin ruwa ya sauka, aka auna aka sa hannu, sai da na yi wata goma sha huɗu ina zarya. Na sayar da tifa ɗaya na biya leburori, kuma ranar da mai sayen ya zo ɗaukarta direbana da ya shekara tara yana tuƙa ta ya cire carbinshi daga madubi ya sa aljihu ya juya baya bai ce uffan ba, har yau in na tuna abin na sosa mini rai. Duk tsawon lokacin nan ina zaton ni kaɗai ne, sai a wurin wata jana'iza muka haɗu mu huɗu muna jiran a fito da gawa, hira ta kawo hira, ashe kowa irin ciwon da ke cinshi ke nan yana ɓoyewa don kar a ce ya karye. Daga nan muka fara zama. Abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne, littafi muka saya mai layi, kowa ya kawo kofin takardar ba da aiki da satifiket, muka rubuta sunan aiki, ranar gamawa, ranar sa hannu, abin da aka biya da abin da ya rage. Da muka je ofis ba mu ɗaga murya ba, ba mu zagi kowa ba, muka ajiye takarda shafi uku muka ce ranka ya daɗe ga abin da ke ƙasa, muna roƙon a tsara biya bi da bi, wanda ya riga gamawa a riga biyanshi. Shugaban wurin ya daɗe yana duba takardar, ya ce shi kanshi bai taɓa ganin lissafin a haɗe wuri ɗaya ba. Ba a biya duka ba, kar in yi maka ƙarya, amma an fara, kuma an bi layi, wanda shi ne ya fi mana komai, don da can sai mai uwa a gindin murhu ke samu.

Farashi da ke gudu ya bar kwangila a baya

Abu na biyu da ƙungiya ke faɗa a kai shi ne sake duba farashi. Kai da kake da gireda ka fi ni sanin yadda take shan gas. A ƙarshen 2021 litar gas ba ta kai naira 300 ba, kafin tsakiyar 2022 ta haura 700, a ƙarshen 2023 ta wuce 1,000. Aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, kayan gyaran injina da duk daga waje ake kawo su suka yi tashin gwauron zabi. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da ministan ayyuka ya zauna da masu kamfanonin siminti aka yi maganar a dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000, kuma ka tuna mu ma da muke da kamfanin siminti a Kalambaina nan kusa da mu a Sakkwato ba mu tsira ba. Yanzu ka ɗauki mutumin da ya sa hannu kan aiki da farashin 2021 aka biya shi a 2024, ina ribar? ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Daga nan ne ake samun aikin da aka yi watsi da shi, ko a rage rodi, ko a rage kaurin kwalta, damina ɗaya ta kwashe, jama'a su tsine wa ɗan kwangila.

Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da masu lissafin gini da ke tabbatar an sa sharaɗin canjin farashi cikin yarjejeniya tun farko. Ƙarami irinka takarda ake miƙo mishi a ce sa hannu nan. Ƙungiya mai hankali za ta nemi a sa wannan sharaɗi cikin kowace kwangila da za ta wuce wasu watanni, babba ko ƙarama, kuma ta riƙa rubuta farashin gas da siminti da rodi da tsakuwa da kwalta duk wata a Birnin Kebbi da Jega da Zuru da Yauri, da rasit, don ranar da za a zauna muhawara hujja ce ke magana. Ni a ganina wannan littafin farashi kaɗai ya isa ya halatta kuɗin wata-wata.

Kason 'yan gida da maganar masu jaka

Yanzu haka manyan ayyuka na ratsa ƙasarmu. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon sama da kilomita 1,000 da aka ƙaddamar a 2024, yanki mai tsawo nata cikin Kebbi yake, ga kuma aikin tagwaita hanyar Zariya, Funtuwa, Gusau zuwa Sakkwato. Ba wanda zai ba mai gireda ɗaya irin wannan aiki, kuma bai kamata a ba shi ba. Amma cikin kowane babban aiki akwai ƙananan ayyuka birjik, jigilar marmara da yashi, share hanya, hanyar ratse, magudanan ruwa, hayar injina. Dokar 2007 ta yarda a fifita 'yan gida, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ma ya ƙarfafa a ba kamfanonin Najeriya fifiko a ayyukan injiniya. Sai dai babban kamfani ba zai bi gari gari yana tambayar wa ke da rola mai lafiya ba. In ƙungiya na da rijistar mambobi da injinansu, wane na da gireda a Jega, wane na da tifa shida a Koko, wane na da katafila a Bunza, ga shekarar injin ga halin da yake ciki, to ta nan ne aiki ke iya biyowa ta kanka. Ka ga ba ƙungiya ta raba maka ba, ta dai sa an san kana nan.

Sai masu jaka, wato waɗanda kamfaninsu duk cikin jakar hannu yake. Ya karɓo takardar aiki ta hanyar siyasa, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani, kafin ta iso hannun mai injin na gaskiya an zaftare kaso mai yawa, da ragowar ake so a yi gada. Wannan shi ne ciwon da ya fi ci mini rai a sana'ar nan. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi, yadda ruwa ya ci gonakin shinkafa ya karya gadoji ya raba garuruwa da kasuwanninsu, ya san kwalbatin da aka yi wa ƙwauron rodi rai yake ci. Ƙasarmu ta fadama ce, laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, in ba a kwashe ta an cika da marmara mai kyau an daddanne da rola ana yayyafa ruwa ba, ko wace irin kwalta ka zuba a kai sai ta farfashe. Ƙungiya ce ya kamata ta tsaya kai da fata a kan cewa kafin a ba kamfani aikin titi a je a ga injinanshi da ido, a ga injiniyanshi mai rijistar COREN. Amma fa sai ta fara da gidanta, ranar da mambanta ya yi aikin banza ta kira shi ta tsawatar, in ya ƙi ta cire shi.

Akwai kuma tsaro, wanda 'yan uwanmu na Zamfara da na ƙasar Zuru suka fi mu ɗanɗanawa. An sace ma'aikata a bakin aiki, an ƙona injina, wasu hanyoyin ba mai yarda ya kai katafilarshi. Wa zai ɗauki nauyin masu gadi da rakiya, mai aiki ko ɗan kwangila? In aiki ya tsaya saboda hari, za a ƙara wa'adi ko za a ci tararka? Waɗannan tambayoyi a teburi ake warware su kafin a sa hannu, kuma mutum ɗaya ba shi da bakin da zai tayar da su.

Abin da ba za ta iya ba, da abin da za ka duba

Ƙungiya ba kotu ba ce, ba ta da ikon tilasta wa gwamnati ta biya, in baitulmali ya bushe ko takardarku ta kai shafi ɗari sai haƙuri. Ba za ta cika maka takardunka ba, rijistar CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji, da na hukumar fansho PENCOM da asusun horar da ma'aikata ITF da asusun inshorar ma'aikata NSITF da ake nema a aikin tarayya, duk wuyanka suke, sai dai ta nuna maka hanya. Sannan akwai wani rami da nake so ka kiyaye a wurin tanda, wato gasar miƙa farashi don neman aiki, in ka ji an fara cewa wannan tandar ta wane ce kowa ya sa farashi sama da nashi, ta gaba kuma taka ce, ka tashi daga wurin. Haɗa baki a tanda laifi ne a dokar 2007, kamfanin da aka kama ana iya hana shi aikin gwamnati na aƙalla shekara biyar da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Ni injiniya ne, aikina titi da kwalbati, saboda haka in an zo rubuta tsarin mulkin ƙungiya da rijistarta a CAC a matsayin amintattu ku nemi lauya ya zauna da ku.

Shawarata ka je taron farko kafin ka biya ko sisi, ka zauna baya ka saurara. Ka tambaya wa'adin shugaba shekara nawa ne, kuma sau nawa zai iya komawa. Ka tambaya mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi su fita daga asusu, in ɗaya ne akwai gyara. Ka tambaya ko kuɗin wata-wata ɗaya ne ga mai injin talatin da mai gireda ɗaya, don adalci shi ne a biya gwargwadon ƙarfi amma ƙuri'a kowane kamfani ɗaya, in ba haka ba manya za su mayar da ku 'yan rakiya, a riƙa amfani da yawanku ana nemo musu nasu biyan. Ka duba ko shugabannin na riƙe da muƙamin jam'iyya, ba laifi ba ne mutum ya yi siyasa, amma wanda ke neman kujera wurin gwamna ba zai iya kai mishi takardar bashi ba. Kuma ka tambaya ko za su riƙa zuwa majalisar dokoki lokacin da ake sauraron jama'a kan kasafin kuɗi, don a can ne ake yanke ko za a fara sababbin hanyoyi ashirin ko za a ƙarasa biyar da aka bari, kuma a shekarun da na yi ina zuwa da wuya in ga ɗan kwangila a zauren.

In amsoshin sun gamsar da kai ka biya ka shiga, kuma kar ka tsaya a mamba mai zuwa shan lemo. Ku matasa kun iya waya da kwamfuta, ka ce kai za ka riƙe rijistar injina da littafin farashi, ka fara da naka, gireda ɗaya tifa biyu, Jega, ka rubuta lambar inji da shekararshi da ranar da aka yi mishi sabis na ƙarshe. In kun tsayar da ranar zama ka aiko mini, in Allah ya kai mu ranar wata kasuwar Jega zan biyo in kawo maka kofin tsohon littafinmu na bashi ka ga yadda muka ja layukan.